Ciwon Baya: Wasan Kwamfuta Da Ke Sa Mai Ciwo Ya Motsa

Duk wanda ya taɓa dashen shinkafa a fadamun Auyo, ko yankan kacalla a rafukan Guri da Kirikasamma, ya san ciwon baya. Mutum ya wuni a sunkuye da lauje, ya ɗauki injin ban ruwa, ya ciccibi buhu. Mata kuma ga daka, ga ɗibar ruwa, ga goyo. Galibi ciwon yakan lafa cikin 'yan makonni. Idan ya wuce wata 3 yana nan, shi ne likitoci ke kira ciwon baya mai daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutane miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu da gadon baya.

Abin da yawancin masu ciwon ke yi shi ne kwanciya. Suna tsoron kada motsi ya ƙara ɓata bayan. To, a nan matsalar take. Naman da ke riƙe da ƙashin baya yakan yi rauni idan an daina aiki da shi, gaɓoɓi su sandare. Ranar da mutum ya tashi sai ciwon ya fi na da, tsoronsa ya ƙaru, ya sake komawa tabarma. Haka wani zai rasa damina guda.

Saboda wannan tsoro ne masana suka fito da wata dabara. Akwai wani tabarau mai kwamfuta wanda idan an ɗaura shi a ido, mutum zai ga kamar yana wani wuri dabam, ko bakin kogi ko cikin lambu. Hankalinsa ya tafi can, sai ya manta da zugin, jikinsa ya saki. A watan Nuwamba na 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan tabarau mai suna EaseVRx domin masu ciwon baya, ana amfani da shi a gida har mako 8.

A Nijeriya ma an gwada. Likitocin gashin ƙashi na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin Chidozie Mbada, sun shirya wasa da na'urar Kinect, wadda ke ganin motsin jikin mutum ta nuna a fuskar talabijin. Ba za a ci wasan ba sai an miƙe an lanƙwasa baya. Mai ciwo yana ta neman maki, ashe motsa jikin da ake so ya yi ne yake yi. Sakamakon da suka fitar a 2019 ya nuna waɗanda suka yi wasan sun sami sauƙi kusan daidai da waɗanda aka koya wa motsin a asibiti.

A lura da wannan: daidai aka ce, ba a ce ya fi ba. Na'urar ba ta gyara ƙashi. Motsin ne magani, ita kuwa lallashi ce. Kuma tana son wuta da kuɗi, abubuwan da ba ko'ina ake samunsu a ƙauye ba.

Gwajin da ya fi kusa da manomin Haɗeja an yi shi ne a garin Tsakuwa, Ƙaramar Hukumar Dawakin Kudu a Jihar Kano. Aminu Ibrahim da abokan aikinsa sun tara mutanen karkara 120 masu ciwon baya. Wasu aka koya musu motsa jiki, wasu aka yi musu bayanin ciwon da Hausa, wasu aka haɗa musu duka biyun. Bayan mako 8, waɗanda aka haɗa wa biyun su suka fi samun sauƙi. An buga sakamakon a 2023. Babu tabarau, babu talabijin.

Saboda haka mai ciwon baya ya riƙa tafiya a ƙafa kowace rana, ko da kaɗan ce. A gona ya riƙa miƙewa jefi-jefi, ya dafa ƙugu ya ɗan lanƙwasa baya. In zai ɗauki buhu ya durƙusa, ya jawo shi jikinsa, in ya yi nauyi ya kira wani su kama. Ƙwayoyin kashe ciwo da ake saya a tebur, musamman Tramadol, sukan zama jaraba, wasu kuma su ci ciki da ƙoda. Sakiya da tsaga da ƙarfen da aka yi wa wani suna iya kawo wata cutar.

Amma akwai ciwon da ba a jira da shi. Idan ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari da bayan gida suna zuwa ba a sani ba, ko akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, ko an faɗo daga bishiya ko babur, a tafi Babban Asibitin Haɗeja ko asibiti mafi kusa a ranar. Tarin fuka yakan kama ƙashin baya, kuma yana warkewa idan an fara shan magani da wuri.