'Yar kafar da ke riƙe da ran tsohuwar tarakta

A taraktar Ford 8N, wadda aka ƙera a Amurka daga 1947 zuwa 1952, ba dukkan baƙin mai ne ke ratsa filta ba. Famfo kan tura mafi yawansa kai tsaye zuwa gaɓoɓin injin da ke gogayya. Kaɗan ne ke bin siririn bututu ya shiga filta, sannan ya koma kaskon mai ta wata 'yar kafa.

Da gangan aka ƙuntata kafar, domin ita ke riƙe ƙarfin man. Idan bakanike ya ɗaura filtar zamani bai tanadi irin wannan kafa ba, man zai bi hanya mafi sauƙi ya kwarara kasko, allurar agogon mai ta faɗi, injin ya buga.