Wa Ke Jan Dutsen Majajjawa?

Shirin namu na yau na ɗaliban sakandare ne, musamman 'yan Mashi da kewaye da ke shirin rubuta fiziks a WAEC ko NECO, amma direbobi da 'yan acaɓa ma kada ku kashe rediyonku.

Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero ya san majajjawa. Ka sa dutse, ka yi ta wulwulawa, igiya ta miƙe ƙam. Da ka saki, dutsen ba ya ci gaba da kewayawa. Yana bin hanyar da ya fuskanta a daidai lokacin da ka sake shi, ya tafi ɗoɗar. Ashe igiyar ce ke ta fizgo shi zuwa hannunka tun farko. Wannan jan zuwa tsakiyar da'ira shi littafinku ke kira ƙarfin sentirifital, kuma Isaac Newton ya yi bayaninsa a littafin da ya fitar a 1687.

To a nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, abin kuma yana damuna, don ba wuya gare shi ba. Sai su ɗauka wani sabon ƙarfi ne da za a zana daban. A'a. Aiki ne da wani ƙarfi da ka riga ka sani yake yi. Saboda haka kafin ka taɓa alƙalami, tambayi kanka: wa ke ja zuwa tsakiya? A majajjawa igiya ce. Ga wata, wanda ke kewaya duniya cikin kwana 27 da ɗoriya, jan duniya ne. Ga babur a kwana kuwa, riƙon da taya ke yi wa kwalta ne.

Ƙa'idar lissafin yawan wannan ƙarfin ita ce: nauyin abu a kilogiram, sau gudunsa, sau gudun kuma, a raba da nisan da ke tsakaninsa da tsakiyar da'ira.

Mu gwada. A ce ɗan acaɓa ya taso daga Mashi ya nufi Daura. Shi da fasinja da babur kilogiram 200 ne. Ya iso kwana mai nisan mita 40 daga tsakiyarta, yana gudun kilomita 36 a awa. Kada ka jefa 36 cikin lissafi, nan ake asarar maki a banza. Raba shi da 3.6 tukuna, ka samu mita 10 a daƙiƙa. To 10 sau 10, 100. Sau 200, 20,000. A raba da 40, amsa niyuton 500. Taya za ta iya da wannan cikin sauƙi.

Yanzu a ce ya murɗa totur ya kai 72. Gudun ya ninka sau biyu kawai, amma ƙarfin da ake bukata ya koma niyuton 2,000, ninki huɗu ke nan, domin gudun sau biyu yake shiga lissafin. Niyuton 2,000 kuwa kusan daidai yake da ƙarfin da dukan kayan ke danna ƙasa da shi. Da wuya taya ta ba da riƙo haka, balle idan ta suɗe ko iska ta watso yashi a kan titi. Riƙon na gazawa, babur ya miƙe ya bar hanya. Mutane su ce kwana ta jefar da shi, alhali babu abin da ya tura shi waje, abin da ke jawo shi ciki ne ya kasa.

Ga naku aikin kafin mako mai zuwa. Mota mai kilogiram 1,000 tana zagaya shataletale mai nisan mita 25 daga tsakiya, da gudun kilomita 18 a awa. Ku fara rubuta sunan mai ja, sannan ku nemo yawan ƙarfin. A kai wa malamin fiziks ya duba. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.