Tsohon Bugu Ko Lafiyayyen Bango: Wanne Mai Tara Littattafai Zai Ɗauka?

A 'yan shekarun nan tsofaffin littattafan Hausa sun fara fitowa daga gidajen Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki fiye da yadda muka saba gani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dattawan da suka yi wa gwamnatin Jihar Arewa aiki, waɗanda suka sayi littattafan nan suna samari, suna ta amsa kiran Mahaliccinsu, magada kuwa ba kowanne ne ya san abin da ke cikin akwatin da aka bar masa ba. Wasu su kai wa masu baza littattafai a gefen titin Ahmadu Bello, wasu su bar wa gara, wasu kuma su kyautar wa mai ƙosai. Mu 'yan ƙalilan da ke bin sawun irin waɗannan littattafai kullum tambaya ɗaya ce ke gabanmu: ga bugun farko da ya sha jiki, ga kuma bugun baya mai tsabta, aljihu kuwa na ɗaya kawai zai iya. Wanne za a ɗauka?

A kasuwar tsofaffin littattafai ta Ingila da Amurka lafiyar littafi ita ce kan gaba wajen yanka masa farashi. Tabo kaɗan a bango yana iya zubar da darajarsa ƙasa warwas. Wannan ma'auni ya dace da su, domin galibi akwai kwafe da yawa na bugu guda a ɗakunan karatunsu, saboda haka mai saye ƙawa yake nema. Mu lamarinmu dabam ne. Littattafanmu na farko an buga su ne don 'yan makaranta, suka bi hannu hannu, suka sha ƙurar hunturu da laimar damina. Wanda ya ce sai ya sami mai sheƙi zai saya, to zai daɗe yana jira.

A ganina tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: yaya aka yi bugun bayan? Sake buga littafi iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗaukar hoton shafukan asali a sake fitar da su yadda suke, akwai kuma wanda ake sake tsara haruffa daga farko. Ƙamusun Bargery, wanda Maɗaba'ar Jami'ar Okusfod ta fitar a 1934 da kalmomi kimanin 39,000, misali ne na nau'in farko. Bugun da Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta yi a Zariya a 1993 ya maido da shafukan Bargery, har da ƙarin da Neil Skinner ya yi. Idan aka ajiye mini ruɓaɓɓen kwafen 1934 da lafiyayyen na 1993, kuma aiki nake so in yi da shi, na biyun zan ɗauka ba tare da wata-wata ba.

Inda aka sake tsara haruffa kuwa, nan ne gizo ke saƙar. Duk editan da ya zauna da tsohon rubutu sai hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi. Zai gyara ƙa'idar rubutu, ya raba kalmomin da aka haɗe, wani lokaci ya musanya kalmar da ya ga ta tsufa ko ta yi kama da karin wani gari. Niyyarsa alheri ce, amma ga mai nazarin harshe ya goge sawu ke nan. Magana Hausa na J. F. Schön, wanda ya fito a 1885 ɗauke da labaran da ya ji daga bakin Dorugu, C. H. Robinson ya sake tace shi ya fitar a 1906. Mai son kusantar Hausar da Dorugu ya furta, na 1885 zai nema ko da bangonsa ya rabu da shi. Haka nan Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa da Frank Edgar ya buga a Belfast, juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Mai karatu ya lura da yadda aka rubuta kalmar farko ta sunan, da "t" guda. Editan yau zai ce kuskure ne ya gyara, alhali shaida ce ta zamanin da rubutun boko bai gama tsayawa da ƙafafunsa ba.

Wannan magana ta fi ƙarfi a kan littattafan Zariya. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, sannan Magana Jari Ce ta biyo baya daga 1937 zuwa 1939, shekarar da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. A wannan tsakanin ne haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka maye gurbin ɗigo da sauran alamomin da ake liƙa wa harafi a da. Littattafan nan sun ratsa hannun hukumar NORLA a shekarun 1950, suka koma kamfanin NNPC da aka kafa a 1966, ana ta sake bugawa. Yawancinmu bugun baya muka karanta a makaranta, a kansa kuma ɗalibai ke rubuta kundaye suna cewa "Hausar Abubakar Imam". Kafin a yi rantsuwa cewa waƙafi kaza ko kalma kaza tasa ce, ai sai an ɗora bugun farko kusa da na baya an bi su layi layi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Duk da haka, ba kowace lalacewa ake yafewa ba. Tabon manja, da sunan ɗalibi a shafin farko, da hatimin makarantar midil, waɗannan ba su rage komai ba, hasali ma suna gaya mana inda littafin ya bi. Abin da ke kashe tsohon bugu shi ne rasa shafin da ke ɗauke da sunan maɗaba'a da shekara, domin ya zama mai shaida marar suna. Na biyu shi ne ɓacewar shafuka daga ciki. Na uku kuwa, wanda ya fi ba ni takaici, shi ne gyaran ganganci. Kwanakin baya wani magaji ya nuna mini tsohon kwafen Ganɗoki da ya kai wa mai ɗinkin littattafai don ya ƙara masa kuɗi. Aka yar da bangon asali, aka datse gefen shafuka har wuƙa ta ci wasu haruffa, aka bi yagewar da salatif, aka sa masa baƙin bango mai ruwan zinariya. Ya yi kyau ƙwarai a kan kanta, sai dai babu sauran hanyar tabbatar da shekararsa. Da ya kawo shi a yage cikin ambulan, da na biya shi fiye da abin da ya nema.

Mu mazauna Kaduna ba mu da uzurin saye da ka. Gidan Arewa da ke titin Rabah, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970 a gidan marigayi Sardauna, yana nan, ga kuma Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a titin Yakubu Gowon. Wanda aka yi wa tallar tsohon bugu yana iya zuwa ya tambayi abin da suke da shi, ya gwada takarda da fasalin haruffa kafin ya zare kuɗinsa. Idan kuma ya tarar babu irin nasa a can, ya kyautu ya bari a ɗauki hotonsa a ajiye.

Akwai kuma wani rukuni da muke rainawa, wato littattafan adabin kasuwar Kano na shekarun 1980 da 1990, irin su Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. An buga su a kan takarda mai araha wadda ke yin ja ta karye da kanta, da yawansu kuma marubutan ne suka buga da kuɗinsu, babu maɗaba'ar da ta adana kwafe. Duk inda na ga bugunsu na farko da cikakkun shafuka ina saye, ko da bangon ya koɗe, in sa a ambulan, in rubuta rana da wurin da na same shi da fensir.