Sassaƙar ƙananan kayan gida da rani

Idan an gama kaka, an zuba hatsi rumbu, manomi yakan samu sarari. A wannan lokaci yana iya kafa ƴar rumfa a bayan gida ya sassaƙa muciya, koshiya, maburgi, ƙotar fartanya ko maratayin tufafi. Kuɗin da za a kai kasuwa sai su tsaya gida.

Kayan aiki

Ba su da yawa: gizago, wuƙa mai kaifi, zarto da magagari. Maƙerin gari yana ƙera gizago da wuƙa. Gizago shi ke fitar da siffa, wuƙa ta gyara, magagari ya kashe kaushi.

Wane icce?

Ba sai an kada icce ba. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maradi suka kama sassabin zamani: su bar tohon itatuwa cikin gona, su rage rassa kowace shekara. Waɗannan rassa sun isa aikin.

Aduwa tana da ƙarfi, da ita ake allo da ƙota. Danya tana da sauƙin sassaƙa, da ita ake akushi. Gara ba ta cika cin dogon yaro ba, ya dace da marataya da ƴar kujera. Amma yana da ɗaci, kada a yi kayan abinci da shi. Aduwa, danya da gawo doka ta kare su. A nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin a sa musu gatari.

Shanya

Nan ne aiki ya fi lalacewa. Ɗanyen icce cike yake da ruwa. In aka jefa shi rana, bayansa ya bushe tun cikinsa na jiƙe, sai ya tsage. Don haka a bar shi da ɓawonsa, a shafe bakunansa biyu da kakin zuma ko laka. A aza shi bisa duwatsu cikin inuwa, inda iska ke ratsawa, don kada gara ta hau. Reshe mai kaurin damtse yana son watanni kafin ya bushe. Busasshe ya fi sauƙin ɗauka, in an ƙwanƙwasa shi yana amo.

Yadda ake muciya

1. A yanki miƙaƙƙen reshe marar gaɓa, santimeta 70.
2. A feƙe ɓawo, a zana siffa da gawayi.
3. A rage mariƙi da gizago, a bar kai da kauri.
4. A bi tsawon icce da wuƙa, bakinta na kallon waje. Yara su yi nisa.
5. A goge da magagari har ta yi sumul, don kada sartse ya shiga tuwo.
6. A shafa man gyaɗa, a bar ta kwana 2.

Kada a sa fenti ko baƙin man mota ga abin da zai taɓa abinci, guba ne. Uwargida ta wanke muciya bayan tuƙi, ta rataye ta. In ba ta kwana cikin ruwa ba, za ta yi shekaru tana aiki.