Neman Tsoffin Kaya da Na'urar Gano Ƙarfe a Ƙasar Gumel: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Wataƙila kun taɓa ganin bidiyon wani Bature a waya yana yawo a daji da wata sanda mai faifai a ƙasanta, in ta yi ƙara ya durƙusa ya tono tsohon kuɗi. Sana'a ce ga wasu, ga wasu kuma abin sha'awa. Kafin ku ce za ku gwada a Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar, ga amsoshin tambayoyin da ya kamata ku fara yi wa kanku.

Mece ce wannan na'ura, kuma yaya take aiki?

'Yar'uwar wadda ake shafa wa mutane ce a ƙofar banki ko masallacin Juma'a, sai dai ita ƙasa take dubawa. A cikin faifanta akwai waya da aka nannaɗe. Batir na tura wuta cikin wayar, sai ta fitar da ƙarfin maganaɗisu ya ratsa ƙasa. Idan ya ci karo da ƙarfe, ƙarfen kan mayar da amsa, na'urar ta ji, ta yi ƙara.

Ku lura da iyakarta. Abu mai girman kwabo ba ta cika jin sa ba idan ya wuce zurfin kamu ɗaya zuwa kamu da rabi, wato kusan santimita 20 zuwa 30. Ba ta jin wuri, ko tsingaron tukunya, ko ƙashi, ko dutsen ado, domin ba ƙarfe ba ne. Mafi yawan abin da za ta nuna muku kuwa tsohuwar ƙusa ce, da marfin kwalba, da gwangwanin madara.

Me ya sa Turawa masu na'ura ke bin kufan wuraren mashaya da gidajen karuwai?

A jihohin Mishigan da Wiskonsin na Amurka, daga wajen 1870 zuwa farkon shekarun 1900, an yi zamanin sarar katako. Ma'aikata kan shafe lokacin sanyi a daji suna sare itatuwa, in an biya su sai su shigo gari su ɓatar da kuɗin a mashaya da gidajen karuwai. Da daji ya ƙare, da yawa daga garuruwan suka mutu. Masu na'ura suna bin waɗannan kufai ne saboda dalili ɗaya: inda kuɗi ya yi ta sauya hannu cikin dare da cunkoso, nan ne ya fi zuba a ƙasa. Kuma kafin su fita, sukan daɗe suna duba tsoffin taswirori da jaridu da takardun kotu. Binciken shi ne babban aikin, tonon ƙarashe ne.

Mu a nan, wane zamani ne ya yi kama da wancan?

Biyu ne. Na farko zamanin fatauci. An kafa masarautar Gumel a wajen 1750, ta yi mubaya'a ga Borno, ba ta kuma shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ba. Fadarta ta zauna a Tumbi, wanda yanzu yake cikin Jamhuriyar Nijar, kafin ta dawo Gumel. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa garin a 1851, ya tarar da shi babbar kasuwar kanwa ce, wadda ake kwasa har zuwa ƙasar Nupe. Duk inda ayari ke bi kuwa akwai zango, wato masaukin fatake, da rijiya, da 'yar kasuwa. Yaƙe-yaƙe da Haɗeja da hare-haren Damagaram kuma sun tashi ƙauyuka da yawa, sun bar kufai.

Na biyu zamanin gyaɗa. Turawan Ingila sun karɓi Gumel a 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin da ya tashi daga Kano zuwa Nguru kuma ya kammalu a 1930, ya bi ta Gagarawa. A gefen tashoshin wannan layi ne aka samu kantunan kamfanoni, da sikelin awon gyaɗa, da leburori, da baƙi masu kuɗin kaka a aljihu. A irin waɗannan wurare a faɗin Arewa aka san rayuwar bariki: 'yan caca, masu burkutu, da gidajen mata masu zaman kansu waɗanda magajiya ke shugabanta. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, a bakin iyaka, tana nuna muku har yau yadda ciniki ke tara baƙi daga nesa.

Me ake iya samu?

Ƙananan abubuwa ne na rayuwar yau da kullum. Akwai kuɗin Turawa da suka fara shigowa a 1907: anini da ɗari da kwabo masu huji a tsakiya, sai taro, sisi, sule da fataka, waɗanda aka bar amfani da irinsu bayan zuwan naira a 1973. Akwai munduwa, zobe, linzami, likkafa, bakin kibiya da makullin akwati. Galibinsu ba su da tsada a kasuwa, domin an buga irin waɗancan kuɗi da yawan gaske. Darajarsu tana cikin labarin da suke bayarwa. Kwabo mai shekara a jikinsa, idan an same shi a ƙasan daɓen wani ɗaki, yana gaya wa masana cewa ba a yi daɓen ba kafin wannan shekara. Da zarar an cire shi ba tare da rubuta inda yake ba, wannan shaida ta tafi har abada.

Ta ina ake fara bincike?

Ku fara da dattawa. Tsoffin ma'aikatan reluwe, tsoffin 'yan kamasho, mahaƙa rijiya da makaɗan fada sun san inda tsohuwar kasuwa take da dalilin tashinta. Ku tambayi mutum fiye da ɗaya, ku rubuta ko ku naɗi murya da izininsu. Sunayen wurare ma shaida ne: duk inda kuka ji Zango, Kufai, Tasha, Kanti ko Marina, akwai abin tambaya.

Sannan takardu. A zamanin Turawa Gumel na cikin Lardin Kano, saboda haka rahotannin jami'an mulki kan haraji da kasuwanni suna Taskar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Akwai kuma Arewa House a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Ku gwama tsohuwar taswira da hoton tauraron ɗan'adam na Google Earth, wanda ake dubawa kyauta a waya.

Daga nan ku taka da ƙafa, ba tare da tono ba. Alamun kufai a ƙasar jigawa ba su ɓuya: kukoki da yawa a wuri guda cikin gona, tsingaro barbaje bayan ruwan farko, ramukan karofi, bakin rijiyar da ta rufta, da tudun da ya miƙe a layi, wanda sau da yawa ragowar ganuwa ce.

Doka ta yarda in tona?

A'a, sai da izini. Dokar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta hana haƙa don neman kayan tarihi sai da takardar izinin hukumar da amincewar gwamnatin jiha. Aikin hannu na gida da aka ƙera kafin 1918 yana cikin abin da dokar ta kira kayan tarihi. Wanda ya ci karo da irinsa, ko da wajen noma ne, an ba shi kwana bakwai ya sanar da hukumar da ƙaramar hukumarsa. Saye da sayarwa sai ta hannun wakilin da aka amince da shi, fitarwa waje kuma sai da izini. Kasancewar gonar taku ce bai ɗauke wannan ba.

Ta fuskar addini ma akwai hukunci. Tsintuwa ana cigiyarta shekara guda, dukiyar da aka binne tun zamanin jahiliyya kuma ana fitar da kashi ɗaya cikin biyar. Bambance su aikin malamai ne, ku tambaye su.

Wa abin ya shafa?

Mai gona, wanda rami kan ɓata masa shuka ko ya karya ƙafar dabbarsa. Mamata, domin kusan kowane kufai yana da maƙabarta, kuma tone kabari haramun ne, laifi ne. Sai iyalai. Idan bincike ya kai ku ga tsohon gidan magajiya, ku tuna jikokin mutanen wurin suna raye. Ku rubuta tarihin wuri, kada ku kama sunan kowa. Akwai kuma tsaronku: baƙo da na'ura a dajin kan iyaka abin zargi ne. Ku bi ta hannun mai unguwa, dagaci da hakimi, ku sanar da 'yan sanda. In kuka ga harsashi ko wani ƙarfen da ba ku gane ba, kada ku taɓa.

Nawa ne kuɗinta?

Ta masu koyo daga kamfanoni sanannu irin su Garrett, Minelab da Nokta tana kaiwa dala ɗari biyu zuwa uku, manyan kuma sun haura dala dubu, ban da kuɗin dako da kwastan. Ku yi hattara da masu tallar na'urar da wai ke hango zinariya daga nesa ko a zurfin gaba da yawa. Ƙarya ce, kamar yadda boka mai alkawarin fito da tukunyar kuɗi daga hannun aljanu yake ƙarya.

To, me ya kamata ku yi?

Ƙasar Nok ta yi asarar dubban kayan tarihi a hannun masu tonon ɓoye, an sayar da su a Turai ba tare da sanin inda aka ciro su ba. A Durɓi ta Kusheyi kuwa, a jihar Katsina, masana ne suka haƙa a 1992, shi ya sa aka iya karanta tarihin sarakunan da aka binne a wurin. Idan kuna son tarihin ƙasar Gumel, ku bi hanya ta biyu. Ku je ku zauna da dattawan garinku tun suna da rai, ku rubuta abin da suka faɗa, ku ɗauki hoton kufan da kuka gano. Sannan ku kai rahoto Gidan Makama a Kano, ko sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ku bar tono ga masu izini.