A Sake Tiyon Baƙin Mai Tun Bai Fashe Ba

'Yan'uwa, dukanmu mun san amfanin motar a-kori-kura cikin aikin raya ƙauye. Ita ke kawo taki da iri, ita ke kai hatsi kasuwa. In mace ta sha wuyar haihuwa da tsakar dare, ita a kan nema. Saboda haka ranar da ta tsaya a daji, ba direba kaɗai ke shan wahala ba.

Yawancinmu ba mu kan kai mota wurin makaniki ba sai ta lalace. Amma akwai kayan da ya kamata a sake su tun suna aiki, domin ranar da su ka lalace ɓarnar ta kan fi kuɗinsu nesa. Ɗaya daga cikinsu shi ne tiyon da ke ɗaukar baƙin mai da ƙarfi a wasu injunan gas.

Wace mota ke da shi?

Ba kowace motar gas ke da wannan tiyo ba. Misalin da a ka fi sani shi ne a-kori-kurar Ford ta Amurka, F-250 da F-350, mai injin da a ke kira Power Stroke, lita 7.3, silinda 8. Kamfanin Navistar ne ya ƙera wa Ford injin, daga 1994 zuwa 2003. Manoman Amurka sun daɗe suna jan tirelar shanu da ta ciyawa da ita. Dabarar da injin ke aiki da ita ana ce mata HEUI, kamfanin Caterpillar da Navistar su ka fito da ita. Akwai ta kuma a wasu injunan katafila, kamar 3126 da C7. Duk wanda ƙungiyarsu ko ikkilisiyarsu ke da irin wannan mota, sai ya lura da abu ɗaya: ko wadda a ka ƙera a shekarar ƙarshe, yau ta wuce shekara 20.

Yadda ya ke aiki

A motar gas da mu ka saba da ita, aikin baƙin mai shi ne ya sa ƙarafa su yi santsi, ya kuma rage zafi. A wannan inji an ƙara masa aiki. Shi ne ke danna nozul domin ta fesa gas cikin silinda.

Akwai wani famfo a gaban inji, cikin kwarin da ke tsakanin kawunan inji biyu, da ƙaramin tankin mai a bisansa. Famfon ya kan ɗauki baƙin mai ya tura shi ta tiyo biyu, ɗaya zuwa kan dama, ɗaya zuwa kan hagu. Ku dubi ƙarfin abin. Da awon da mai faci ya ke auna iskar taya, tayar ƙaramar mota ta kan ɗauki wajen fam 30. Man da ke cikin wannan tiyo kuwa ya kan fara daga wajen fam 500, ya kai har 3,000 sa'ad da mota ke hawan tudu da kaya. A cikin nozul a kan riɓa wannan ƙarfi wajen sau 7 kafin gas ya fita.

In ƙarfin man bai kai kusan fam 500 ba, inji ba zai tashi ba, ko da tanki cike ya ke da gas, batir kuma sabo ne.

Me ke faruwa in ya fashe?

Tiyon yana da rufin waya saƙaƙƙiya a bayansa, da zoben roba a kowane baki. Zafi da jijjiga na shekaru su kan busar da zoben, su gajiyar da tiyon. Wani lokaci ya kan goga da wani ƙarfe har wayar ta tsinke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ranar da ya fashe, mota ta kan mutu nan take a inda ta ke. Injin yana cin baƙin mai wajen lita 14, da irin wannan ƙarfi kuwa mai da yawa ya kan zube cikin ɗan lokaci. In ya fallatsa bisa salansa mai zafi, wuta tana iya kamawa. In kuma yoyo ne da ke tafiya a hankali ba wanda ya lura, mai zai yi ta raguwa har inji ya ci kansa. Tiyo biyu da zoben roba kuɗinsu kaɗan ne in an gwada da na inji, balle ran mara lafiyan da a ka ɗauko.

Alamun da za a duba

Kowane mako, da safe kafin a ta da mota, direba ya buɗe murfin inji ya haska tocila cikin kwarin nan.

1. Ya duba ko mai ya taru a kwarin. Man da ya taru nan ya kan gangara ta bayan inji ya ɗiga ƙasa wajen giya. Shi ya sa wasu su kan zaci yoyon daga gindin inji ne, su biya kuɗin sauke giya a banza.
2. Ya duba bakin kowane tiyo, ko ya jiƙe, ko ƙura ta manne masa ta yi baƙi.
3. Ya duba wayar bayan tiyo, ko ta tsittsinke, ko tana goga da wani abu.
4. Ya zaro sandar awon mai. In kullum sai an ƙara, akwai dalili.

In an ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikin tiyo, kada a jira. In kuma ba a ga kome ba, amma tiyon shi ne wanda ya zo da mota tun fari, ko ba wanda ya san ranar da a ka sa shi, shawararmu ita ce a sake shi. A sake duka biyu tare, gama shekarunsu ɗaya.

Yadda a kan sake shi

Wannan aikin makanikin da ya san injin ne, amma ya kamata mai kula da mota ya tsaya ya gani.

1. A bar inji ya huce sarai. A cire wayar batir. Motar tana da batir biyu, a cire duka.
2. A wanke wurin tas kafin a kwance kome. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga, tana iya ɓata nozul. Kada a yi aikin a fili ranar da iska ke ta da ƙura.
3. A wasu motocin bakin tiyo noti ne. A wasu kuwa maƙalawa a ke yi, sai da wani ɗan ƙarfe na musamman a ke sakinsa. Kada a sa guduma.
4. Da an cire tsohon, a toshe ramin da tsumma mai tsabta.
5. A sa sabon zoben roba, a shafa masa baƙin mai mai tsabta. Kada a mai da tsohon zobe.
6. A fara ɗaura noti da hannu, sa'an nan a sa sifana. Jikin famfon alminiyam ne, ba shi da taurin ƙarfe. Wanda ya matse fiye da kima zai kashe tiredi, ya jawo sayen famfo.
7. A tabbata sabon tiyo bai murɗe ba, ba ya kuma taɓa kome.
8. A cika ɗan tankin da ke bisa famfo, a duba man inji, a mai da batir.

Bayan wannan mota ba za ta tashi da wuri ba, domin iska ta shiga hanyar mai. A murɗa makulli kamar daƙiƙa 15, a huta minti ɗaya ko biyu don kada sitata ta ƙone, a sake. In ta tashi tana ɗan rawa, za ta daidaita bayan an yi tafiya da ita. A sake duba bakin tiyo ran nan, da kuma bayan mako guda.

A sayi tiyon da a ka yi domin wannan inji. Kada a yarda a ɗaura tiyon ruwa ko na gas da kilif. Araha ba ta ado.

Gargaɗi

Kada kowa ya laluba yoyo da hannu sa'ad da inji ke aiki. Mai da ke fita da wannan ƙarfi yana huda fata kamar allura. Ramin zai yi kama da ƙaramin abu, amma man yana kashe nama daga ciki, har a kai ga yanke yatsa. A kara kwali a wurin, a ga inda ya jiƙe. Wanda abin ya same shi, a kai shi asibiti nan da nan, a kuma gaya wa likita abin da ya huda shi.

Ga masu Hilux da irinta

Motocin gas da su ka fi yawa wurinmu ba su da wannan tiyo. Nasu bututun ƙarfe ne siriri, daga famfon gas zuwa kowace nozul, gas kuma ya ke ɗauka. Amma ka'idar ɗaya ce. A tabbata ƙarafan da ke riƙe bututun suna nan, gama jijjiga ce ke tsaga shi. Wanda ya tsage a sake shi, kada a yi masa walda. Gargaɗin hannu ma ya shafe su.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin wannan aiki shi ne bayan girbi, da kuɗi a hannu, hanya kuma a bushe, kafin jigilar taki ta taso. Kwamitin mota ya ajiye littafi, a rubuta rana da kilomita da abin da a ka sake, a kuma riƙa ware wani abu daga kuɗin haya domin gyara. Motar nan da baikon 'yan'uwa a ka saye ta, amana ce a hannunmu. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙe ta da aminci.