HUSUFIN WATA A YERWA: DARAJAR TAMBAYA WAJEN NEMAN SANI

Ran Talata 9 ga watan Janairu, 2001, bayan sallar lisha, mutanen Maiduguri suka ɗaga kai sama suka ga wata ya fara dushewa daga gefe guda. Kafin ƙarfe goma na dare ya rine ya yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Daga Wulari har Gwange yara suka fito suna kaɗa gwangwani suna cewa rana ta kama wata, manya kuwa suka nufi masallatai don sallar husufi. Amma waɗansu samari suka ce zunubin masu shan giya ne ya jawo abin, suka bi otel-otel da gidajen giya suna cinna wuta. Gari ya waye da hasarar dukiya mai yawa.

Abin baƙin ciki shi ne, wannan husufi ba ba-zata ya zo ba. Masana taurari sun san ranarsa da sa'arsa tun shekaru da dama kafin ya auku. Da waɗannan samari sun tsaya sun tambaya, da an ba su amsa wadda ba ta saɓa wa addini ba, ba ta kuma saɓa wa hankali ba.

Abin da ke kawo husufi

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. Idan duniya ta shiga tsakaninsa da rana, sai inuwarta ta faɗa a kansa. Saboda haka ne husufin wata ba ya aukuwa sai a tsakiyar wata, sa'ad da ya cika, husufin rana kuwa sai a ƙarshen wata. Yaro mai kaifin basira zai ce, to, me ya sa ba a yin husufi kowane wata? Dalili shi ne hanyar da wata ke bi ta ɗan karkace da kimanin digiri 5, saboda haka yawanci yakan wuce ta sama ko ta ƙasan inuwar. Jan da yakan yi kuwa, ɗan hasken rana ne da ya ratso ta iskar da ke kewaye da duniya. Mutanen Babila tun kafin haihuwar Annabi Isa sun gane cewa husufi yakan maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11.

Ta fuskar addini ma maganar a fili take. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina, an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Manzon Allah ya gyara musu, ya nuna rana da wata ayoyin Allah ne, ba su yin husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umurce su da salla da addu'a. Bai umurci kowa da ƙona gidan kowa ba.

Gadon malaman Barno

Ƙasar Barno ba baƙuwar tambaya ba ce. A ƙarni na 18 an yi wani malami, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi karatu wajen malaman Katsina da na Barno, ya ƙware a ilmin hisabi da na taurari. Ya tafi aikin haji, sa'an nan ya zauna a Alƙahira, ya wallafa littafi cikin 1732 a kan lissafin hatimi, watau yadda za a jera lambobi cikin gidaje, ko ta ina aka haɗa su a sami jimla ɗaya. Ya rasu cikin 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Mutum daga ƙasar Hausa ya je har Masar malamanta suna ɗaukar karatu a wurinsa.

Haka kuma a zamanin jihadi, Shehu Muhammadu al-Amin el-Kanemi ya aika wa su Shehu Usmanu ɗan Fodiyo takardu yana tambaya, da wace hujja ake yaƙar Barno alhali mutanenta suna salla suna azumi? Muhammadu Bello bai ɓoye waɗannan tambayoyi masu zafi ba. Ya amsa su, ya kuma rubuta su tare da amsoshinsu cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, don na baya su karanta su auna da kansu. Shi dai Bello ne, bayan ya zama Sarkin Musulmi, ya zauna da Bature Kilafatan a Sakkwato cikin 1824, suna duba kayan awon sama, yana kiran sunayen taurari da Larabci yana yi wa baƙon nasa tambayoyi.

Mafarin sammai da ƙasa

Tambayar da ta fi kowace girma ita ce ta mafarin halitta. Cikin 1927 wani limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaitre, ya yi lissafi ya ce sararin samaniya faɗaɗa yake yi, kuma daga baya ya ce in haka ne lalle yana da mafari. Cikin 1929 Edwin Hubble na Amurka ya nuna da babban madubin hangen nesa cewa tarin taurari masu nisa suna ƙara nisa, wanda ya fi nisa ya fi gudu. Cikin 1964 waɗansu masana biyu, Penzias da Wilson, suka riƙa jin wani ƙugi cikin na'urarsu. Suka zaci kashin tattabaru ne, suka share, ƙugin bai daina ba. Da suka ci gaba da bincike, ashe ragowar zafin farkon halitta ne suke ji. Yanzu masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya kimanin biliyan 13.8.

Kimiyya tana iya faɗin yadda abu ya gudana da tsawon lokacinsa. Wanda ya ƙaga shi, da dalilin ƙaga shi, wannan fagen addini ne, kuma Musulmi da Kirista na Wulari duka sun yi imani da Mahalicci. Shi kansa Lemaitre bai ajiye limanci don lissafi ba. Alƙur'ani ma ya ba da labarin Annabi Ibrahim da ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, ba don rashin imani ba sai don zuciyarsa ta natsu, kuma ba a tsawata masa ba, nuna masa aka yi.

Illar toshe bakin mai tambaya

Maiduguri ta ɗanɗana abin da ke biyo bayan hana tambaya. Cikin 2009 Muhammad Yusuf, jagoran ƙungiyar da aka sani da Boko Haram, ya gaya wa BBC cewa ba su yarda duniya ƙwallo ce ba, ba su kuma yarda ruwan sama daga tururi yake taruwa ba. Alhali inuwar duniya da ke bayyana a fuskar wata ranar husufi kullum zagayayya ce, kowa na iya gani da idonsa. Samarin da suka bi shi da yawa suna da tambayoyi na gaskiya, amma ba su sami mai sauraronsu ba sai wanda ya ba su amsa guda ya ce kada su ƙara tambaya. Abin da ya biyo baya, babu gida a Barno da bai ji a jikinsa ba.

Akwai darasi kuma cikin husufin rana na 29 ga Maris, 2006, wanda ya rufe rana ɗungum a Gusau. Tun da wuri hukuma da malamai suka yi ta bayani ta rediyo da masallatai, aka gargaɗi jama'a kada su dubi rana da ido tsirara. Mutane suka yi salla suka kalli ikon Allah.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Nauyi yana kan iyaye da alarammomin tsangaya da malaman makarantun boko, har da na Jami'ar Maiduguri da aka kafa cikin 1975. Idan yaro a Wulari ya tambayi inda rana take kwana, ko abin da ya riga taurari, kada a ce masa ya cika surutu, kada kuma a ce ya yi saɓo. Wanda ya san amsa ya ba shi. Wanda bai sani ba ya ce Allah ne masani, sa'an nan ya kama hannunsa ya kai shi wajen wanda Allah ya sanar.